Zombi mai jan ƙafa da zombi mai gudu

Wai kun lura zombin da da na yanzu, wato gawar da ke tashi tana cizon mutane a finafinai, ba ɗaya bane? Na da, irin na fim ɗin Amurka Night of the Living Dead na 1968, jan ƙafa yake a hankali, da sauri-sauri ma kana tsere masa, yawansu ne matsalar. Lokacin Amurka na fama da yaƙin Biyetnam, shekarar aka kashe Martin Luther King mai fafutukar 'yancin baƙar fata, jarumin fim ɗin kuma baƙar fata ne, ya sha da ƙyar har gari ya waye sai ga 'yan sintiri farar fata sun bindige shi wai zombi ne.

Na yanzu kam gudu yake wallahi, cizo ɗaya ka zama nasu nan take. Fim ɗin Train to Busan na Koriya ta Kudu ya fito 2016, shekara biyu bayan jirgin ruwan Sewol ya nitse da mutum sama da 300 yawanci ɗalibai, an ce su zauna inda suke kyaftin kuwa ya yi ta kansa. A fim ɗin ma gwamnati sai cewa take a kwantar da hankali, wani oga mai kwat na tura mutane bakin zombi don ya tsira. Wannan ogan ya fi ban haushi gaskiya.