Wando da takalmin shiga kogi: wanne za ka saya?

In kana jihar Minnesota ko Wisconsin a Amurka kuma kana son fita fatsar kifin bas da fayik da asuba, a kogin St. Croix ko can saman Mississippi, to ka bar zancen sandar fatsa tukuna, fara da abin da za ka sa a ƙafa, don a cikin ruwan za ka tsaya har ƙugu kuma duwatsun ƙasan nan santsi ne da su ba na wasa ba.

Wandon shiga ruwan, wanda ruwa ba ya ratsa shi, iri biyu ne. Akwai na niyofirin, wata roba mai laushi, mai kaurin milimita 3 ko 5, ɗumi kam ba magana, amma rana na ɗagowa gumi zai jiƙa ka sharkaf, wannan sai dai watan Oktoba. Ɗayan mai fitar da gumi ne irin na yadin Gore-Tex, ni shi zan ce ka ɗauka, in sanyi ya matsa ka sa wando mai kauri a ciki shikenan. Na kamfanin Simms akwai tsada, na Frogg Toggs da sauƙi, sabon shiga ya fara da mai araha.

Takalmi ne wurin kashe kuɗin. Mai tafin bargo yana kama dutse mai gansakuka sosai, matsalar shi baya bushewa da wuri, sai ya kwashi gansakukan wani kogin ya kai wani, shi yasa jihar Maryland ta hana shi a 2011, jihar Alaska a 2012, gandun dajin Yellowstone ma a 2018. Sannan a kan taɓo ko jiƙaƙƙiyar ciyawar bakin ruwa kayar da kai zai yi. Sayi mai tafin roba ka ɗaura masa ƙusoshin ƙarfe, za ka ji suna ƙaras ƙaras a kan dutse, kawai dai kar ka hau kwalekwalen wani da su, sai ya ga laifinka.

Bel ɗin wandon ka ɗaure shi tamau, in ka zame shi zai rage ruwan da zai cika maka ƙafafu.

Fayik haƙora gare shi kamar reza, zare zalla tsinke shi yake yi, don haka ka haɗa 'yar wayar ƙarfe kafin ƙugiya. Bas a ruwa garau yakan tsargu da wayar, wasu sai su sa zaren fulorokabon mai kauri, wani zaren roba da ba a cika ganinsa a ruwa ba, wani lokacin ya riƙe wani lokacin fayik ya tafi da komai. Kuma ka yanki lasisin jiha kafin ka fita, jami'ai suna tambaya.