Wata shida muna zuwa wajen mai horar da yara saboda ciwon cikin ɗana: yadda na ga aikin

"Mama, cikina." Kusan shekara biyu da wannan maganar nake wayar gari, musamman a ranakun makaranta. Ɗana yanzu shekararsa 7, kuma tun yana ƙarami ya fita daban da 'yan'uwansa. Ƙarar ruwan masai idan an ja tana sa shi toshe kunne da gudu. Rigar da ke da ɗan ƙyalle a bayan wuya ba ya sa ta, aski kuwa sai an riƙe shi. Abincin da yake yarda ya ci bai wuce kala biyar ba, dukkansu busassu. Amma yaron nan zai faɗi ya kurje gwiwa, jini na zuba, bai sani ba sai an nuna masa. In ka tambaye shi ina ke ciwo, sai ya ɗora tafin hannu a kan cibiya ya yi shiru.

An gwada jini, an gwada fitsari da bayan gida, an ba shi maganin tsutsar ciki har sau biyu, ba a ga komai ba. Masu cewa gudun makaranta yake suka yi ta faɗa, kuma akwai safiyar da ni ma na yarda da su na tura shi yana kuka. Har yau abin yana cina.

Likitar yaran da muka gani daga baya ita ta fara kama bakin zaren. Ta danna cikinsa a hankali, ta tambaye ni sau nawa yake fita bayan gida. Na ce ai har gudawa yake yi, kullum sai na ga ɓacin wando. Sai ta ɗauko jadawalin nan na Bristol mai hoton bayan gida kala 7, ta ce ya nuna irin nasa. Ya nuna na farko, ƙanana masu tauri. Ta ce, "Maman yaro, wannan ba gudawa ba ce. Tsohon kashi ne ya toshe hanya, mai ruwan yake zagayowa ta gefe." Ta rubuta makrogol, garin da ake jiƙawa a ruwa don ya riƙe danshi a hanji, ta kuma tura mu wajen ma'aikaciyar lafiya mai horar da yara kan ayyukan yau da kullum, aikin da a asibiti ake taƙaita sunansa da OT. Likitar ta kwantar min da hankali da cewa abin ba baƙo ba ne: tun 1958 wani likitan yara a Ingila, John Apley, ya bincika 'yan makaranta dubu ya samu kusan ɗaya cikin goma na fama da ciwon ciki mai tafiya ya dawo, kuma mafi yawansu ba a samun wata cuta a kayan cikinsu. Ciwon dai na gaske ne, in ji ta.

Wannan horon nake son yin sharhi a kai. Da farko sau ɗaya muke zuwa a mako, minti 45. Ranar farko da na ga ɗakin, lilo da katifu da manyan ƙwallaye, jikina ya yi sanyi, na ce wasa kawai muka zo. Malamar ta cika min hannu da doguwar takardar tambayoyi, ta kuma shafe zama biyu tana kallon yadda yake motsi da abin da yake gudu. A zama na uku ta yi min bayanin da ya sauya yadda nake kallon ɗana. Ta ce ban da gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓi, mutum yana da wani ji na cikin jiki, shi ke gaya maka kana jin yunwa, ko ƙishirwa, ko mara ta cika, ko gabanka na faɗuwa. A wajen wasu yara saƙon nan yana zuwa da ƙarfi fiye da kima, a wajen wasu yana zuwa a makare, wasu kuma yana zuwar musu a cakuɗe. Shi duk abin da ya motsa tsakanin ƙirjinsa da mararsa suna ɗaya yake ba shi, wato ciwo.

Yadda ta koya masa rarrabewa shi ne abin da na fi yabawa. Ta shimfiɗa babbar takarda ta zana jikinsa a kai. Sai ta sa shi tsalle sau 20, ya ɗora hannu a ƙirji, ya je ya yi alama a zanen inda ya ji bugu. Ta ba shi ruwan sanyi ya kurɓa, ya bi shi da yatsa daga maƙogwaro har inda ya daina jinsa. Ba ta taɓa tambayarsa "yana ciwo?" ba. Cewa take, "Ɗan Mama, cikin nan kuka yake, ko murɗawa yake, ko ya cika tim?" Ni kuma ta ba ni littafi in riƙa rubuta lokacin da ya yi ƙorafi, abin da ya faru kafin nan, da ranar da ya fita bayan gida. Bayan mako uku muka baje littafin, sai ga ciwon ya kasu uku a gabanmu. Akwai na dab da lokacin cin abinci. Akwai na safiyar ranakun da ake tara ɗalibai da lasifika. Akwai kuma mai tsanani, wanda ke zuwa idan ya kwana biyu bai fita ba. Wata rana a wata na biyu ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Mama, kuka yake, ba murɗawa ba." Na zuba masa abinci, ya ci, ya koma wasansa.

Batun banɗaki ma ta yi masa aiki mai kyau, da abubuwa masu sauƙi. Ashe tsoron wurin yake: mazaunin da sanyi, ƙafafunsa na reto, ruwa na fantsamo masa, ga ƙarar da ke amsa kuwwa. Don haka yake matsewa, a makaranta ma sai ya yini bai shiga ba. Kashin da aka riƙe kuwa ƙara bushewa yake, fitarsa ta yi zafi, yaro ya ƙara tsorata, ƙarshen hanji ya buɗe har ya daina jin cewa ya cika. Ta ce mu sa masa kujera 'yar tsugunno ya taka don gwiwoyinsa su ɗara ƙugunsa, mu ɗora ƙaramin mazauni na yara, mu jefa takarda a ruwan kafin ya zauna, sannan kada a ja ruwa sai ya fita. Yana zama minti 5 bayan karin kumallo da bayan abincin dare, domin a lokacin hanji ke motsi da kansa, yana hura balan-balan don ya saki jiki. Ta kuma rubuta wa malamin ajinsa wasiƙa, aka bar shi yana fita ba sai ya ɗaga hannu ba.

Ba duka ne ya yi min ba. Bargo mai nauyi da ta ba mu aro, kwana uku ya ture shi. Gugar fata da burushi mai laushi mun yi mako biyu ban ga sauyi ba, muka bari. Ɓangaren abinci yana tafiyar hawainiya, a wata shida kala biyu kacal ya ƙaru. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ita da likitar ba sa magana da juna kai tsaye, ni ce ke ɗaukar takarda daga wannan zuwa waccan. Aikin gida kuma yana da yawa, uwar da ke fita aiki za ta ji a jikinta.

Amma gaskiyar malamar ta sa na amince da ita. Da bakinta ta gaya min cewa wannan salon horo kan yadda jikin yaro ke jin abubuwa, wanda wata Ba'amurkiya Jean Ayres ta assasa, har yanzu likitoci na muhawara a kansa, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce hujjojin amfaninsa ba su kai a yanke hukunci ba, a gwada na ɗan lokaci a auna. Ƙungiyar ta kuma ce kada a tsaya a kan matsalar yadda jiki ke jin abubuwa ita kaɗai, a duba ko akwai otizim (lalurar da ke shafar mu'amalar yaro da mutane), ko rashin natsuwa, ko yawan fargaba a ƙarƙashinta. Saboda haka ta rubuta abubuwa uku da za mu auna bayan mako 12, ta ce in ba su motsa ba mu daina zuwa. Ta kuma ja kunnena cewa akwai ciwon da ba nata ba ne: jini a bayan gida, koren amai, zazzaɓi, rama, ciwon da ke tashinsa daga barci, ko wanda ya tare a ƙasan ciki ta dama. In an ga irin wannan, asibiti za a nufa nan take.

A wata na uku da na ga ya samu sauƙi sai na tsayar da maganin da kaina. Cikin mako biyu komai ya dawo, har da ɓacin wando, duk da muna zuwa horon ba fashi. Likitar ta ce hanjin da ya buɗe yana buƙatar watanni kafin ya koma daidai, kuma a hankali ake janye maganin. Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni nake cewa ta fara da likitan yara tukun, in an share hanya sannan horon zai samu abin kamawa.

Littafina ya nuna a watan farko ya yi ƙorafi kwana 22, a watan jiya kwana 3, kuma bai yi fashin makaranta ko sau ɗaya ba. Yanzu mun koma zuwa duk bayan mako biyu. Muna jiran ranar da aka ba mu ta ganin likitan da ke duba girma da halayyar yara, kuma wata mai zuwa za a fara rage masa maganin.