Sharhi: Na karɓi ragamar Seibu Lions a wasan Powerful Pro Yakyu 2024-2025

Duk wanda ya taso yana buga Winning Eleven ko PES a gidan gem ya san Konami. Amma a can gida Japan, kamfanin yana da wani wasa da ya girme su, na besbol, wanda ya fara fitowa a 1994, 'yan ƙasar suna kiransa Pawapuro a taƙaice. Na sayi na 2024-2025 a kan Nintendo Switch, wanda ya fito a Yulin 2024 da hoton tauraron besbol Shohei Ohtani a bango. Ɓangare ɗaya ne ya ja ni, wato Pennant, inda ake damƙa maka ƙungiya guda daga cikin 12 na gasar ƙwararru ta Japan ka riƙe ta har tsawon shekara 30 idan kana da juriya.

Na zaɓi Saitama Seibu Lions da gangan. Ƙungiya ce da ta ɗauki kofin ƙasa sau 8 tsakanin 1982 da 1992, ta kuma zo ta ɗaya a rukunin Pacific, ɗaya daga cikin rukunai biyu na gasar, a 2018 da 2019 da ƙarfin masu bugu. Daga nan aka riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya. Hideto Asamura ya koma Rakuten, Shogo Akiyama ya tafi Amurka, Tomoya Mori ya koma Orix, Hotaka Yamakawa kuma SoftBank. A kakar 2024 ta gaskiya, cikin wasa 143 ta ci 49, aka doke ta 91, ta yi canjaras 3, koci Kazuo Matsui ma bai kai Yuni a kan kujerarsa ba. Wannan tawagar ce wasan yake miƙa maka.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda alƙaluman suke faɗar gaskiyar ciwon. Kowane ɗan wasa yana da maki daga S, mafi girma, sai A har zuwa G, a kan iya saitin ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu da tsaro. Kana buɗe jerin masu jifa za ka ga Tatsuya Imai da Chihiro Sumida da Kaima Taira, mutanen da kowace ƙungiya za ta yi maraba da su. Kana juyawa ga masu bugu sai gwiwa ta yi sanyi. Sosuke Genda gwani ne wajen tsaro da gudu, amma ba shi ne zai riƙa buga ƙwallo ta tsallake katangar fili a ci maki ba. Saboda haka kakata ta farko ta cika da wasannin da mai jifa zai yi iya yinsa a zura masa maki biyu kacal, mu kuma mu kasa rama ko ɗaya. Hakan ya sa na ƙara tausaya wa Kona Takahashi, wanda a zahiri ya gama 2024 da shan kashi 11 ba nasara ko ɗaya.

Zuciyar wasan tana wajen zaɓen sababbin 'yan wasa a ƙarshen kaka, kuma nan na fi ɓata lokaci. A Japan ba a ba ta ƙarshe a teburi damar fara ɗauka a zagayen farko kamar yadda wasu gasanni suke yi. Kowace ƙungiya tana rubuta sunan yaron da take so, idan suna ya zo ɗaya sai a ja ƙuri'a. Ta haka Seibu ta samu Natsuki Takeuchi a 2023, bayan Yakult da SoftBank su ma sun neme shi, ya kuma zama gwarzon sababbin 'yan wasa na rukunin a shekarar da ta biyo. Wasan ya kwaikwayi wannan tsaf. Za ka tura masu farauto maka 'yan wasa su shafe watanni suna bin wani ɗan sakandare mai ƙarfin bugu, rahoto yana ƙara fitowa kaɗan-kaɗan, ranar zaɓe ka tarar ƙungiyoyi huɗu sun rubuta sunansa. Ko dai ka shiga ƙuri'ar ka bar wa rabo, ko ka lallaɓa ka ɗauki wani ɗan jami'a da ba kowa a kansa. Ni na fi son shiga, ko da an sha kayar da ni, domin ƙungiyar da ba ta da mai bugu na huɗu, gurbin da ake ba mafi ƙarfin bugu a jeri, ba ta da abin tattali. Wani lokaci ma tsofaffin gwaraza da suka yi ritaya sukan sake bayyana a matsayin samari, ranar da hakan ta faru kuwa kowa kansa zai afka.

Yaron da ka samu ba ya nuna nan take. Dole ya zauna a tawaga ta biyu, ka tsara masa atisaye, ka jure ganinsa yana dukan iska. Kamar dashen mangwaro ne, wanda ya matsu ba zai sha ba. Sai da wasu kakanni suka wuce kafin muka shiga ukun farko da ke buga Climax Series, wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, kuma a daidai lokacin ne manyan masu jifana suka fara samun 'yancin sauya sheƙa. Baƙi daga waje suna toshe ɓaraka, amma guraben da doka ta ba su kaɗan ne, kuma ana iya kawo mai ƙarfin A ya kasa taɓa ƙwallo mai lanƙwasa.

Inda wasan ya gaza a wurina shi ne zurfin ofis. Wanda ya saba da Football Manager zai ga cinikin 'yan wasa da tattaunawar kwantiragi sun yi sauƙi da yawa. Siffar 'yan wasan, masu manyan kawuna ba hanci ba baki, za ta iya sa mutum ya ɗauka wasan yara ne. Ni dai na saba, har na koma duba 'yar fuskar nan da ke nuna lafiyar ɗan wasa kafin komai, ruwan hoda idan yana tashe, shunayya idan ranar ba tasa ba ce.

Babban shinge shi ne harshe. Komai da Japananci yake. Switch ba ta hana kaset ɗin wata ƙasa aiki, amma sai da na riƙa haska allon da kyamarar waya tana fassara mini kafin na haddace wuraren dannawa. Maki da haruffan boko ake rubuta su, launuka ma suna taimakawa: baiwa mai shuɗi alheri ce, mai ja matsala, mai ruwan zinare kuwa kada ka kuskura ka saki mai ita.

Wanda bai taɓa sanin dokokin besbol ba, gara ya fara da WBSC eBaseball: Power Pros, ƙanensa mai araha da ya fito da Turanci a 2023. Sai dai babu ƙungiyoyin Japan na gaskiya a ciki, babu kuma Pennant.