Yaya, ga maganar wuƙar aljihun da ka ce in zo maka da ita daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya su Hajiya da yara, Allah ya sa kowa lafiya. Na ji saƙon muryarka tun shekaranjiya, aikin dare nake yi satin nan shi ya sa sai yau Lahadi na samu na zauna. Ka ce in zo maka da wuƙar aljihu 'yar Jamus, wadda ta fi kowacce tsada, irin ta Baba Allah ya jiƙansa ko wadda ta fi ta. To maganar nan ta fi ƙarfin saƙon murya, don wallahi na yi yawo a kanta sosai, kuma abin da na gano ya sha bamban da yadda muke ɗauka a gida.

Bari in fara da wuƙar Baba ɗin. Ka tuna ta ai, mai jan mariƙi da hoton wata da taurari a jiki, da ɗan zobe a baya wanda sai ka ja shi take rufuwa, in ya buɗe ta kana jin ƙarar nan ƙarrr tun daga zaure. Okapi ce. Kuma ka san garin da aka fara ƙera ta? Solingen, maƙwabtanmu ne a nan, daga Wuppertal inda nake tafiyar ba ta kai rabin awa ba a jirgin ƙasa. Tun 1902 aka fara yinta kuma dama don Afirka aka yi ta, don ƙasashen da Jamus ta mulka irin su Kamaru da Togo, daga nan ta bazu har ta iso hannun su Baba. Amma a 1988 aka sayar da sunan da injinan gaba ɗaya aka kwashe su zuwa Afirka ta Kudu, yanzu duk sabuwar Okapi ta gaske daga can take fitowa. Na shiga shaguna ina tambaya, wani dattijo mai shago ya ce min shi kansa yanzu sai a wajen masu tara tsofaffin wuƙaƙe yake ganin ta Jamus. Saboda haka in har ta Baba tana nan a akwatin Hajiya a adana ta da kyau, kar yara su ɗauke ta su je shan rake da ita.

Shi Solingen ɗin gari ne na maƙera tun ɗaruruwan shekaru, takubba suka fara yi kafin wuƙa da almakashi da aska. Na je gidan tarihin wuƙaƙe da ke unguwar Gräfrath, na kuma je bakin kogin Wupper inda har yanzu akwai tsofaffin ɗakunan wasa wuƙa, ruwan kogi ne ke juya wani ƙaton dutse mutum ya zauna a gabansa yana wasawa, da na tsaya ina kallo sai zuciyata ta koma rumfar maƙeran nan ta bayan kasuwarmu, sana'a ɗaya ce wallahi, su dai sun yi wa tasu gata ne. Gatan kuwa har da doka, tun 1938 aka kare sunan garin, aka sabunta dokar a 1994, ba ka da ikon buga Solingen a jikin wuƙa sai in a yankin aka yi ainihin aikin ƙirarta. To mu a gida da mun ga an rubuta Rostfrei ko Inox sai a ce ai 'yar Jamus ce orijina, alhali kalmomin nan ma'anarsu kawai ba ya tsatsa, kowa ma zai iya bugawa. Ko manyan kamfanonin nan ba duk kayansu ake yi a nan ba. Böker misali, tun 1869 suke a Solingen, masu tsadar a nan ake ƙera su, amma akwai Böker Plus da Magnum da mafi yawansu a Asiya ake yi, kuma su da kansu suna faɗa a takardunsu ba ɓoyewa suke ba. Mai saye ne zai karanta.

Ni kaina an taɓa cutata a nan ɗin. Farkon zuwana na sayi wata a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, Yuro 20, jikinta duk zanen igiyar ruwa irin wanda ake ce wa ƙarfen Damaskus, mai sayarwa ya rantse min ta hannu ce. Ranar da na fara goga ta a dutse zanen ya goge, ashe shafa shi aka yi a sama, ƙarfen ciki kuwa ko kwali biyu ka yanka ya dakushe. Abin ya yi min ciwo don lokacin ko aikin kirki ban samu ba. Tun daga nan na daina kallon kwalliya, ƙarfen nake tambaya.

To ƙarfen nan shi ne maganar gaba ɗaya, ka ɗan yi haƙuri da ni a nan. Kashi biyu ne manya. Akwai baƙin ƙarfe mai kabon, irin na Okapi, kuma ɗan uwan wanda maƙeranmu ke samu in sun yanko sifirin mota, yana ɗaukar kaifi kamar aska kuma da ka goga shi sau kaɗan a dutse ya dawo, aibinsa tsatsa, in ka yanka lemo ko albasa ko mangwaro ka bar shi a jiƙe kafin safiya ya canza kala. Sai wanda ba ya tsatsa, shi kuma an zuba masa wani sinadari kuromiyam, sai ya kai kashi 10.5 cikin 100 ko fiye kafin a kira shi da wannan sunan. A cikin kowanne kuma akwai hawa-hawa, kamfanin kirki zai rubuta maka lambar ƙarfen a jikin wuƙar ko a kwali, irin su 420HC, 8Cr13MoV na China, 12C27 da 14C28N na Suwidin, D2, VG-10 na Japan, har zuwa su S30V na Amurka da M390 na Ostiriya waɗanda kuɗinsu ke tashi. In ka ga wuƙa ba lamba ba komai sai dai a ce maka ai ba ta tsatsa, to mai ita bai so ka san abin da ke ciki ba.

Suna kuma da ma'aunin taurin ƙarfe da suke kira HRC. Wuƙar sojan Suwizalan, wato Victorinox da zan yi maganarta a ƙasa, wajen 56 take, su M390 kuwa 60 zuwa 62. Kai da jin haka za ka ce to a kawo min mafi tauri, nima haka na ce da farko, har na ari ta wani abokin aikina ɗan Folan mai M390 wadda ya saya sama da Yuro 200. Gaskiya tana daɗewa ba ta dakushe ba, sai ka yi makonni kana yanka kwali da ita. Amma ranar da ta dakushe fa, dutsen wasa na gargajiya ba ya cinta sai dai ka yi ta goga har hannunka ya gaji, sai an nemo dutse mai garin daimon. Yanzu ka duba kanka Yaya, kana gona da damina, wuƙa ta mutu, abin da ke hannunka dutsen nan na gindin rijiya ne ko magagari. Me za ka yi da wuƙar Yuro 200 da dutsenka ba ya ci? Ga shi irin waɗannan na zamani da yawansu boris ne a gaɓarsu, ƙurar hunturu ta shiga sai ta fara ƙugi, kuma sukurorinta masu kan tauraro ne sai da sukundireba na musamman. Ba don tsadar na ƙi saya maka ba, Allah ya sani, wuƙar ce ba ta wajenmu ba.

Wadda ta shiga raina ita ce Opinel ta Faransa. Tun 1890 wani Joseph Opinel ya fara ta a yankin Savoie, har yau fasalinta bai wani canza ba, mariƙin icce, ƙarfe siriri, sai wani zobe a wuya da kake murɗawa ya kulle ta, wanda suka ƙara a 1955. Lamba-lamba ce, mai lamba 8 ita ce daidai aljihu, tsawon bakinta santimita 8.5, kuma a shagunan nan ina ganinta tsakanin Yuro 10 zuwa 15. Akwai ta baƙin ƙarfe an rubuta Carbone, akwai wadda ba ta tsatsa an rubuta Inox. Sirantar bakin nan ita ce sirrinta, in ka sa ta a tsire ko kana feraye mangwaro ko yanke igiya sai ka ji tana wucewa kawai, ta fi wasu masu ninki goma na kuɗinta yanka. Aibinta icce ne, in ya sha ruwa yana kumbura ta ƙi buɗuwa, sai ka ɗan buga gindinta a kan benci bakin ya leƙo. Kuma ba a ɓanɓarar murfin gwangwani da ita, ba a tona ƙasa, tsininta zai karye.

Su Kawu na Maraɗi kuma na san abin da za su tambaya, Douk-Douk, baƙar nan shafal mai mariƙin ƙarfe. Har yanzu ana yinta a garin Thiers na Faransa, tun 1929, ita ma ta cika ƙasashen da Faransa ta mulka. A nan Solingen akwai 'yar uwarta Mercator mai hoton baƙar kyanwa, tun 1867, siririya ce ka sa ta a aljihun kaftani ba wanda zai san tana nan, na ganta wajen Yuro 30 zuwa 40. In dai dole sai 'yar Jamus ta gaske kake so, to ita ce.

Sai Victorinox, jar nan mai alamar Suwizalan da ake ta sayar da jabunta a kan teburi a gida. Kamfanin yana wani ƙauye Ibach tun 1884. Ƙarfenta ba mai tauri can ba ne amma ba ta tsatsa ko kusa kuma wasa ta ba wuya, ga mabuɗin gwangwani, sukundireba, tsinken sakace, har ɗan matsefata na cire ƙaya. In za a saya a lura, mai suna Spartan tana da wani murɗaɗɗen ƙarfe na buɗe kwalbar giya wanda ba shi da amfani a wajenmu, mai suna Tinker kuwa sukundireba mai kuros aka sa a gurbinsa, kuɗinsu kusan ɗaya, Yuro ashirin da wani abu. Ta gaske in ka rufe ta za ka ji ta ce ƙas da ƙarfi, jabu kuwa bakinta rawa yake yi tun tana sabuwa.

Abin da ya fi burge ni a nan ma shi ne bayan ka saya. Risit ɗinka makaminka ne, doka ta ba ka shekara 2 in kaya ya fito da aibi daga kamfani, in ta intanet ka saya kuma kana da kwana 14 ka mayar ko ba ka faɗi dalili ba, su Victorinox ma garantinsu na aibin ƙira ba shi da wa'adi. A gida kuwa ka sani, da ka bar rumfa shikenan. Amma ta wajen gyara mun fi su nesa ba kusa ba. A nan in wuƙarka ta dakushe sai ka kai shago ka bar ta, ka biya Yuro kaɗan ka dawo bayan kwanaki, mu kuwa mai wasa wuƙa har ƙofar gida yake zuwa ya yi maka a gabanka kuna hira, in mariƙi ya tsage maƙeri ya canza maka nan take. Abin da maƙeranmu suka rasa kawai shi ne awon zafi, su a nan inji ne ke gasa ƙarfe a ma'auni ɗaya shi ya sa wuƙa dubu duk halinsu ɗaya, namu kuwa da ido ake duba jan ƙarfe, in ka dace da gwani ka samu wadda za ka bar wa jikoki, in ba ka dace ba ta lanƙwashe ko ta ɓalle.

Ka ce kuma za ka yi layya da ita, a'a Yaya, wuƙar aljihu ba ta yankan rago ba ce, gajeriya ce kuma mai naɗewa tana iya rufe maka a yatsa, an kuma umarce mu da mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka. Wannan aikin doguwar wuƙarka ta maƙera ta fi. Ta aljihun ta taimaka wajen fiɗa da ƙananan ayyuka.

Wani abu kuma da nake so ka gaya wa yaran unguwa masu shirin tahowa, a nan ba a yawo da wuƙa yadda aka ga dama. Wadda ake buɗewa da hannu ɗaya ta kulle, ko tsayayya marar naɗewa da tsawon bakinta ya wuce santimita 12, haramun ne ka fita da ita haka kawai, tarar tana iya kaiwa Yuro 10,000. Kuma tun bayan harin wuƙa da aka kai wajen bikin gari a Solingen ɗin nan a watan Agustan 2024, mutum uku suka rasu, an ƙara tsaurarawa, wajen bukukuwa da cikin jiragen ƙasa na doguwar tafiya ba a shiga da wuƙa. Ni tawa tana gida ko a akwatin aiki, ba na sa ta a aljihu in zan fita gari.

To ga abin da na riga na saya. Opinel lamba 8 guda biyu, Carbone taka ta gona, ka dinga goge ta ka shafa mata ɗan man gyaɗa in ka gama, in ta yi duhu kar ka damu ba lalacewa ba ce, Inox ɗin kuma ta Anti ce ta kicin. Sai Tinker ɗaya ta cikin motarka, da Mercator ɗaya ta Kawu. Duka huɗun ba su kai Yuro 100 ba, kuma a babban akwati zan saka su don ba a shiga jirgi da su a jakar hannu. Dan Allah in ka je gidan Hajiya ka buɗe wuƙar Baba ka ɗauko min hoton rubutun da ke gindin bakinta ka turo, ina so in kai wa dattijon nan mai shago ya gani. A gaida kowa da kowa.