Alƙalai ko ƙuri'ar masu kallo?

Jiya gardama ta kaure a majalisarmu ta shayi a Garwa: wa ya kamata ya zaɓi gwarzon fim?

Ƙuri'ar waya na ba talaka baki, amma mai kuɗin kati ke rinjaye. Na ga yaro da layi uku yana ta zaɓen jarumar da ko fim ɗinta bai ƙarasa ba.

Alƙalai ma ba waliyyai ba ne, akwai sanayya da siyasar ƙasashe. Duk da haka ina bayansu, don suna zama su kalli aiki har ƙarshe. Su suka karrama fim ɗin darakta Mahamat-Saleh Haroun na Cadi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2010, tun kafin a sake buɗe sinimar Normandie ta Injamena, babban birnin Cadi, a 2011. Da ƙuri'a aka bi, 'yan ƙasarsa nawa suka ga fim ɗin balle su zaɓe shi?