Mitar kilam: ta tona asirin hita, amma a gefen batir ba ta tsinana komai ba

Wannan mitar auna wuta mai baki kamar filaya, wadda masu gyaran wuta ke kira kilam, na saye ta ne saboda inbatarmu ta ishe ni da kuka. Da zarar maman yara ta jona hitar ruwa, sai inbatar ta fara tsuwa ta ɗauke. Inbatar 1kVA ce, a kwalin hitar kuma an rubuta wat 500 ɓaro-ɓaro. Ina ta zagin inbata, ashe baiwar Allah ba ta da laifi.

Ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi na gwada. Soket ya nuna bolt 220. Na maƙala bakin mitar a wayar hita, ta nuna amf 6.5, wato yawan wutar da hitar ke ja. Lissafin ba wuya: bolt sau amf shi ne wat, wato 220 sau 6.5, ya ba ni 1,430. Kusan ninki uku na abin da ke kwalin! Inbatar 1kVA kuwa da ƙyar take ɗaukar wat 800. Don in tabbatar, na raba 220 da 6.5, ya ba ni turjiya, wato yadda hitar ke tare wuta, kusan om 34. Na zare hitar daga soket, na juya mitar zuwa om, na ɗora tsinkayenta a ƙafafun filogin, ta nuna 33 da 'yan kai. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Daga nan ma na gane abin da ya sa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba idan wuta ta yi sanyi. Turjiyar hita kusan ba ta canjawa, to in wuta ta sauka zuwa bolt 170, amf 5 kawai za ta ja, wat 850 ke nan. A ranar kam, ko nawa aka ce min kuɗin mitar zan ce ta ci.

Sai dai takardar da ke cikin kwalin mitar ba ta ce uffan ba a kan cewa waya ɗaya ake kamawa daga cikin biyun da ke kai wa hita wuta. In ka haɗa biyun a bakinta, sifili za ka gani, don wutar da ke tafiya da mai dawowa suna soke juna. Dole na tsaga bayan wata tsohuwar wayar ekstenshin na raba su.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne gefen sola. Kafin in biya na tambayi mai shagon, "Alhaji, tana auna wutar batir?" Ya ce, "Komai tana aunawa, ranka ya daɗe." Bolt na batir kam tana nunawa, 12.6 lafiya lau. Amma amf? Ko motsi. Bakinta wutar AC, irin ta soket, kaɗai yake ji, na DC, irin ta batir da sola, sai wata iri mai tsada. Kuma a gefen sola ainihin abin da nake son sani ke nan, ko faranti na sola yana ba da abin da aka rubuta a bayansa. Na koma masa, ya ce ai kaya in sun fita ba sa dawowa. Ga tsinkayen sirara, ɗaya har ya fara sakin baki, allon kuma ba fitila, sai ka haska da tocilan waya a ɗakin batir.

Mai son sanin abin da hita, dutsen guga ko firji ke ci, ya saya. Mai harkar sola kuwa, kada ya ba da ko sisi sai an maƙala ta a wayar batir a gabansa ya ga lamba ta motsa.