Python ko JavaScript: da wanne za a fara?

Wani ƙanena a Garwa ya tambaye ni, sai na ce ya haɗa "5" (a matsayin rubutu) da lamba 1 a kowanne daga cikin waɗannan harsunan rubuta manhajar kwamfuta.

JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, ya ba shi "51" ko gezau. Haka kurakuransa suke, shiru-shiru, sai lissafin kuɗin shago ya karkace kafin ka farga. Amma yana cikin kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba sai ka ƙona data wajen saukewa ba.

Python kuwa, wanda ya fito a 1991, nan take ya tsaya, ya ce rubutu da lamba ba sa haɗuwa. Mai tsegumi ne, tazara ɗaya ta goce a farkon layi sai ya ƙi motsi. Ni dai shi na zaɓa wa yaron, ko da yake ya yini yana farautar tazarar.